Ni da Baffa makaho mun je Gombe kallon fim

Sana'ata tura fina-finai ce a waya da memori, ina da ɗan shago a cikin garin Bauchi, kwamfuta da sipika, sai majigi guda ɗaya da nake bayarwa haya in ana biki ko wa'azi. To majigin nan ne ya jawo min tafiyar. 'Yar Goggona da ke aure a Gombe, Adda muke ce mata, kurma ce, sanƙarau ɗin 1996 ne ya tafi da jinta tana ƙarama, annobar nan da har yau in manya suka tuna sai sun girgiza kai. Ita ta turo min saƙo a WhatsApp wai su kurame da makafi da guragu na garin sun haɗa kai zasu yi kallon fina-finai na wuni guda saboda 3 ga Disamba, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa masu buƙata ta musamman tun 1992, kuma wanda ya musu alƙawarin majigi ya zame, dan haka in taho da nawa. Ba roƙo bane fa, umarni ne. Adda in ta rubuta abu ko tambayar ko kana da lokaci bata yi.

Da na faɗa a gida sai Baffa, ƙanin mahaifina, yace ai da shi za a je. Baffa hawan jinin ido ne ya makantar da shi bayan ya manyanta, kafin nan tela ne kuma ɗan silima na gidi, irin waɗanda ke haddace waƙar Indiya kalma da kalma alhali basu san me ake cewa ba. Yaran gida suka kwashe da dariya wai makaho da zuwa kallo, yace musu ku da kuke da idon me kuka tsinta a ciki banda rawa. Kuma gaskiyarsa, dan a duk kwastomomina babu mai bin fim kaman shi. Yana da 'yar rediyo mai cin memori, Indiya-Hausa nake zuba masa, ya kwanta ya saurara tun daga farko har ƙarshe, washegari ya zo ya baka labari har da inda mai fassara ya yi ƙarya. Ba shi kaɗai ba ma, makafi da yawa na zuwa shagona kuma kusan duk fassara suke so, saboda masu fassarar bakinsu baya shiru, ko jarumi tafiya kawai yake sai sun sa masa magana. Kurame kuma akasin haka, su fassara bata musu amfanin komai, bakin ɗan wasa daban maganar daban ga babu rubutu a ƙasa, sun fi son na faɗa ko na Chana wanda ido kaɗai ya isa.

Da sassafe muka nufi tasha, ga hazo ga sanyin Disamba mai fasa leɓe, na rungumo majigi da sipika biyu Baffa na riƙe da kafaɗata. Muka karya da masa da miyar taushe a bakin tashar, dan ba a barin Bauchi da yunwa alhali ga masa na tashi. Muna zaune ana jiran mota ta cika sai ga wani bawan Allah a keken guragu irin mai tuƙi da hannu, ashe shi ma taron zai je, ɗan wasan ƙwallon guragu ne. Nan aka fara rigima ta farko, yaran mota suka ce keken kaya ne sai ya biya kuɗinsa daban. Mutumin bai ɗaga murya ba, ya nuna wani fasinja mai ƙiba yace wancan nawa ya biya na ƙafafunsa. Tasha ta ɗau dariya, direba ya zo ya raba gardama, aka ɗaure keken a bayan but, ni dai na biya kuɗin sipikuna ban ce uffan ba tunda su ba ƙafa bane. Baffa aka bashi gaba.

A hanya ne mutumin, Malam nake ce masa, ya ringa bamu labarin dokar da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, wadda ta hana nuna wa naƙasassu bambanci. Yace a takarda dokar ba laifi, mutum in ya karya ta tarar naira dubu 100 ne ko wata 6 a gidan yari, kamfani kuma miliyan 1, ta ce a ware kashi 5 cikin ɗari na aikin gwamnati, kuma ta bada shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda keke zai shiga, wa'adin ya cika tun farkon 2024. Sai yace to ɗan'uwa in mun isa Gombe ka ƙirga min matakala, in mun dawo Bauchi ma ka ƙirga. Wani dattijo a baya yace ai doka a ƙasar nan sai dai a karanta a rediyo.

Bauchi zuwa Gombe kilomita 150 ne da 'yan kai, hanyar wani wurin sumul wani wurin sai addu'a. Baffa bai yi barci ba ko kaɗan, shi ke faɗa mana inda muke. Muna hawa gadar Dindima kafin kowa ya yi magana yace ga Gongola nan, wai ƙarar taya a kan gada daban take kuma iska na canzawa. Ruwan ya ja baya sosai, rairayi ne fal sai 'yan yara da shanu. Nan kusa ake karkata zuwa Yankari, direba yace shi shekararsa nawa yana wuce mararrabar amma ko ruwan Wikki bai taɓa gani ba, kusan duk motar kowa yace shi ma haka, abun kunya wallahi mu 'yan Bauchi. Daga Alkaleri kuma hira ta koma kan man Kolmani da aka ƙaddamar a Nuwamban 2022, 'yan Gombe na cewa nasu ne 'yan Bauchi na cewa namu ne, aka yi ta musu kan arzikin da babu wanda ya ga ko digonsa har muka wuce filin jirgi na Lawanti muka shigo Tumfure. Daga nan sai gangare, Gombe na can ƙasa cikin hazo.

Adda na jiranmu da mijinta, shi ma kurma ne, kafinta. Ta durƙusa ta gaida Baffa, to nan fa ake yin ta, shi baya ganin hannunta ita bata jin muryarsa. Yadda suke yi tun da can shine ta kama hannunsa ta girgiza ta ɗora a kanta, shi kuma ya yi ta sa albarka ni ina maida mata da ɗan guntun maganar hannun da na iya. Yace ka ce mata ta yi ƙiba, nace Baffa ya aka yi ka sani, yace hannu baya ƙarya. Da na faɗa mata sai da ta dake ni a kafaɗa.

Zauren da suka samu aro ne, ba zan faɗi na waye ba tunda alheri suka yi, amma matakala huɗu ne a ƙofar, Malam ya kalle ni kawai ya yi murmushi. Mijin Adda tun daren jiya ya haɗa gangara da katako, sai dai ta yi tsaye da yawa, mai keke shi kaɗai ba zai hau ba sai an tura. Wata baiwar Allah mai keken asibiti ta ƙi yarda samari su ɗaga ta, tace ita matar aure ce ba buhun masara ba, a gyara katakon. Aka nemo bulo aka ƙara tsawon gangarar, aka ɓata kusan rabin awa, kuma ni a ganina tana da gaskiya ɗari bisa ɗari. Banɗaki kuwa ba a magana, ƙofar ko kafaɗar keke bata shiga, shi yasa da yawa daga cikin guragun suka ƙi shan ruwa sai da aka tashi. Wannan abun bai taɓa zuwa min a rai ba a duk wuraren da nake kai majigi.

Sai aka zo kan haɗa kaya, anan na gane wahalar abun. Majigi duhu yake so, dan haka na sa a rufe tagogi da barguna. Kurame suka taso wai in an yi duhu ya zasu ga mai fassara da hannu, kuma ya zasu yi hira da juna, su duhu a wurinsu daidai yake da a toshe wa mai ji kunne. Aka samo fitila mai caji aka haska mai fassarar kaɗai a gefen farin ƙyallen, sai hasken ya ringa wanke hoton, muka yi ta matsar da ita har aka samu daidai. Makafi kuma nasu sauti ne, suna son a ƙure sipika, ga shi akwai wanda zai riƙa musu bayanin abun da ke faruwa a hoto da makirfo, in fim ya yi ƙara ba a jin shi in shi ya yi ƙara ba a jin fim. Ana cikin haka wuta ta ɗauke aka tada janareta a bayan taga, ƙararsa ta cinye duka biyun. Kurame ko a jikinsu, suna ta dariya suna nuna mu, wai yau ku ne a wahala. Sai da aka ƙaro waya aka kai janaretan can bayan katanga.

Wani malamin makarantar kurame ne ya buɗe taro bayan addu'a, yana magana da baki yana yi da hannu lokaci guda. Shi ya bamu labarin cewa a wasu ƙasashe irin wannan biki ne babba na shekara-shekara. Yace a jihar Kalifoniya ta Amurka akwai Superfest tun shekarun 1970, a birnin New York akwai ReelAbilities da aka fara a 2007, a Ingila kuma kurame na da nasu, Deaffest, a garin Wolverhampton tun 2006, sannan akwai Oska Bright a Brighton wanda masu lalurar koyo ne da kansu ke zaɓar fina-finan. Yace a can makaho na'ura ake bashi ya sa a kunne, bayanin hoton na zuwa masa shi kaɗai ba tare da an dami na kusa ba, kuma an riga an rubuta bayanin an naɗe shi tun kafin fim ya fito, ba irin namu na yau da za a yi da ka ba. Ya kawo zancen CODA, fim ɗin yarinya mai ji da iyayenta da yayanta duk kurame masunta, wanda ya ci Oscar na fim mafi kyau a 2022, kuma Troy Kotsur da ya fito a uban, kurma ne na gaske, ya zama namiji kurma na farko da ya ci kyautar wasa, ita kuma Marlee Matlin da ta fito a uwar ta riga ta ci tata tun 1987. Da ya kai nan sai kurame suka ɗaga hannuwa sama suna karkaɗawa, haka suke tafi. Baffa ya taɓo ni yace me ya faru aka yi tsit, nace tafi ake, yace to Allah ya kyauta.

Fina-finan da aka nuna duk gajeru ne, yaran garin ne suka ɗauka da waya. Na farko na kurame ne, babu magana ko ɗaya a ciki, labarin wata mai juna biyu da ta je asibiti tana nuna inda ke mata ciwo ma'aikaciya bata gane ba, aka yi ta kai da kawo har aka bata maganin da ba shi ba. Hoton na rawa, wani wurin ma inuwar mai ɗauka ta fito, amma wallahi wasan ya fi na manyan jarumai da yawa da nake turawa kullum, dan su fuska da jiki dama da su suke magana tun tashinsu. Matan kurame da ke layin gaba suka ringa buga ƙirji suna nuna kansu, wai ni ma an min, ni ma an min.

To amma tunda babu magana, makafi kacokan sun dogara da mai bayani ne, shi kuwa wani saurayi ne mai zaƙin baki da ke sanƙira a bukukuwa. Ya ɗau makirfo ya fara kaman mai sharhin ƙwallo, wayyo jama'a ga baiwar Allah abun tausayi, kai wannan ma'aikaciya bata da imani, yanzu zaku ga abun da zai faru. Ba a yi nisa ba Baffa ya buga sandarsa a ƙasa yace a tsaya. Na tsayar da fim. Yace yaro, tausayin bar min shi ni ma ina da zuciya, kai dai faɗa min me ke gabanka, tana tsaye ne ko tana zaune, me ke hannunta, su nawa ne a ɗakin, dare ne ko rana. Sauran makafi suka ce ƙwarai kuwa, wata dattijuwa ta ƙara da cewa kuma ka daina faɗa mana ƙarshe tun ba a je ba. Saurayin ya ɗan ji kunya amma ya karɓa, aka dawo da fim baya. Zagaye na biyu sai ga shi yana cewa ta shigo, ta riƙe mara da hannun hagu, ma'aikaciya na rubutu bata ɗago ba, ta taɓa tebur, har yanzu bata ɗago ba. Shikenan. Sai ga dattijuwar nan na salati da kanta ba wanda ya ce mata abun tausayi ne. Malamin ya raɗa min wai abun da Baffa ya faɗa shine ainihin ƙa'idar da ake koya wa masu wannan aikin a waje, nace to shi a gindin keken ɗinki ya samo tasa.

Ɓangaren kurame ma bai tafi sumul ba a fim na biyu, wanda ke da magana. Mai fassarar hannun ɗan boko ne, irin yaren hannun makaranta yake yi, wanda asalinsa daga na Amurka ne, tun lokacin da Andrew Foster, wani baƙar fatar Amurka kurma, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Dattawan kurame da basu shiga aji ba kuwa nasu daban ne, maganar hannu ta gida da kasuwa wadda kurman ƙasar Hausa suka gada tun kaka da kakanni. Sai suka ce su basa gane rabin abun da yake yi. Adda ce ta miƙe, dan ta iya duka biyun, ta tsaya a ɗaya gefen ƙyallen tana maidawa. Kenan fim ɗaya, mutum uku na fassara shi lokaci guda, ni ina tsakiya da rimot ina tsayarwa ina saki. Rubutun ƙasan fim kuma da Hausa yaran suka yi shi, manya-manyan baƙaƙe, har da rubuta ana ƙwanƙwasa ƙofa, jariri na kuka, abun da ban taɓa gani a fim ɗin Hausa ko ɗaya ba. Namu in ma an yi rubutun da Turanci ne, dan 'yan kudu da 'yan waje, kurman da ke Jekadafari ko Bolari wanda Hausa ya iya karantawa ba a lissafa da shi ba.

Fim na biyun na ƙwallon guragu ne, har Malam abokin tafiyarmu ya fito a ciki yana gudu a kan ɗan katako mai taya yana buga ƙwallo da hannu. Wasan nan a Najeriya aka ƙirƙire shi, Misbahu Lawan Didi ne ya faro shi a 1988, kuma mafi yawan 'yan wasan shan inna ce ta kama su suna yara. Wani a cikin fim ɗin yace tunda an ce an kawar da cutar a 2020 to su ne 'yan wasan ƙarshe, in sun tsufa babu masu gado, kuma shi yana murna da hakan. Zauren ya yi dariya amma irin dariyar nan mai ɗaci. Na ukun kan wata zabiya ce mai sayar da kayan miya da yadda rana ke cin fatarta, shi gaskiya ya yi tsawo, mutane suka fara hira.

Aka yi sallah aka ci shinkafa da wake, sannan aka zauna tattaunawa, kuma ni dai wannan ne ya biya ni kuɗin motata. Matar nan mai keken asibiti ce ta fara. Tace ita tun tana budurwa take kallon fim ɗin Hausa, a nuna mata guda ɗaya da gurguwa ta yi soyayya aka aure ta dan ana sonta ba dan tausayi ko sadaka ba. Tace kullum keke sai a ƙarshen fim yake fitowa, in muguwar kishiya ta gama tsiyarta sai mota ta kaɗe ta a nuno ta a keke tana kuka, wato abun da ni nake ciki tun ina shekara uku shine hukuncin azzalumai kenan. Ta ce 'yarta ta taɓa tambayarta Umma ke wa kika zalunta. Wurin ya yi tsit. Ni kaina na san fina-finai irin haka sun fi a ƙirga a kwamfutata.

Wakilin Sarkin Makafi ya karɓa, yace su kuma nasu kala biyu ne, ko a nuno makaho da ƙoƙo a bakin titi, ko a ƙarshe a yi masa addu'a ido ya buɗe kowa ya yi murna, kaman labari ba zai yi daɗi ba in ya ƙare yana makahonsa. Kuma ɗan wasan sai ya ƙafe ido sama ya miƙa hannu biyu gaba yana laluben iska, yace wane makaho ne ke tafiya haka a gidansa, mu da muka san inda kowace buta take. Ya tuna wa mutane Abdullahi ɗan Ummi Maktum, ladanin Manzon Allah SAW wanda aka sha bar wa Madina ya ja sallah, da Aliyu Namangi na Zariya mai Imfiraji da har yau ake karanta waƙensa a makarantu, yace duk wannan tarihin namu ne amma mai rubuta fim ƙoƙo kawai ya sani. Baffa ya sa baki da nasa na silima, wai akwai wani tsohon fim ɗin Indiya Dosti na 1964, makaho na waƙa gurgu na busa, Mohammed Rafi ne ya yi waƙoƙin, sun yi kuka a kansa lokacin yana da ido, amma yanzu da ya zauna ya tuna su ma ɗin a titi suke neman na abinci.

Akwai wani matashi mai shirya fim mai dogon zango a YouTube da aka gayyato, shi kaɗai ya zo cikin waɗanda aka aika wa, dan haka duk ruwan a kansa ya ƙare. Bai gudu ba dai, yace ku yi haƙuri amma ku san halin da muke ciki, kasuwar faifai ta mutu, abun da YouTube ke bayarwa ko kuɗin kyamara da abincin 'yan wasa baya isa, in ya ɗauko fuskar da ba a sani ba babu mai dannawa. Wannan ba ƙarya ya yi ba, ni shaida ne, mutum in ya zo shago sunan jarumi yake tambaya ba labari ba. Amma Adda ta miƙe, hannunta na gudu har mai fassara na haki, tace ita bata ce a bata jaruma ba, rubutun Hausa a ƙasa nawa zai ci, ba zama bane kawai mutum ya buga a ɗora, YouTube ɗin ma ya bada wurin sawa wanda yake so ya kunna wanda baya so ya kashe. Tace kuma in kuɗin mai bugawa ne matsala ga yaran da suka gama sakandare suna zaune. Wani makaho yace su kuma abu ɗaya suke roƙo, a rage dogon shiru da kiɗa, a yi minti uku ana goge babu mai cewa komai sai ka ji an fasa ihu baka san wa ya mutu ba. Matashin ya yi dariya yace wannan kam ko masu ido sun gaji da shi. Ya yi alƙawarin gwada rubutun a kashi na gaba, ban sani ba ko zai cika, 'yan fim da alƙawari sai a hankali.

Ni abun da ya tsaya min shine babu wanda ya nemi a ji tausayinsa a zauren nan, 'yan kallo ne kawai masu ƙorafi irin na 'yan kallo, sun san jarumai, sun san wane darakta ke jan labari, suna sa data da kuɗinsu kaman kowa. An daɗe ana cin kuɗinsu ba a san suna wurin ba.

Bayan la'asar aka tashi, na naɗe wayoyi, mijin Adda ya kwance katakonsa dan masu zauren sun ce kar a bar musu shi a ƙofa. Muka kwana a gidansu a Pantami, gidan da ake hira har tsakar dare maƙwabta basu ji komai ba, sai dai in an yi dariya. An ɗaura ƙwan fitila a ɗaki da ke haɗe da maɓalli a ƙofar gida, baƙo in ya zo ya danna sai haske ya ƙifta, sallamarsu kenan. Baffa dai shi da yaran gidan ya yi tasa hirar tunda su suna ji, ya basu labarin fim ɗin asibitin tiryan-tiryan har da kalar mayafin matar.

Da safe yace shi ba yanzu ba, 'yan'uwansa makafi sun gayyace shi ɗaurin aure a Kumo sai ya kwana biyu, dan haka ni kaɗai na kamo hanya da kayana. Kafin in shiga mota malamin kuramen ya zo ya tura min gajerun fina-finan uku a filas, yace in bai wa duk mai so kyauta, sharaɗin kawai kar a yanke rubutun ƙasan. Suna nan a kwamfutar shago, mai so ya zo da memorinsa. Sun ce baɗi suna so a yi a Bauchi, an ɗora min neman zaure, kuma Malam ya ja min kunne cewa in je da tef in auna ƙofar banɗaki kafin in tambayi kuɗin haya. Na fara zagayawa, biyun da na duba a makon nan duk a bene suke.